Ranar da Na Sallami Jirgin Alhamis da Wuri

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin jirgin ƙasa, ranaku da yawa sun wuce kamar ba a yi su ba, amma akwai wata Alhamis ta tsakiyar damina da har gobe ban manta da ita ba. Ku da kuke kan aiki yanzu kun sha ganin ina tayar da jijiyar wuya a kan minti ɗaya, har wasunku suka laƙaba mini Baba Agogo a bayan idona, kuna zaton ban sani ba. Na sani sarai. Tun da yanzu na yi ritaya na dawo gida Gwarzo, ba mai sauran ikon ba ni takardar tuhuma, bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

A lokacin ni ne shugaban wata ƙaramar tasha a kudu da Kano, kan layin da ya nufi Zariya. Ba zan faɗi sunanta ba, domin waɗanda ke aiki a can yau ba ruwansu da abin da na yi. Mu huɗu ne a tashar: ni, da mai sayar da tikiti, da masu juya hanya biyu, wato masu sauya wa jirgi layi a cikin tasha. Ba a daɗe da farfaɗo da zirga-zirga ba bayan shekarun da layin ya yi a kwance ciyawa na cinye shi, kuma jirgin fasinja mai zuwa ɓangaren Kafanchan sau ɗaya yake wucewa a mako, ran Alhamis. A jadawali, ya kamata ya iso wurina ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, ya tashi sha biyu saura minti ashirin. Wannan a takarda ke nan. A zahiri in ya zo ƙarfe ɗaya mukan ce yau ya yi sammako.

Don amfanin waɗanda ba 'yan aikinmu ba, ga yadda ake sallamar jirgi. Layin guda ɗaya ne, saboda haka jirgi ba ya shiga tsakanin tasha biyu sai shugaban tashar da yake ciki ya buga wa na gaba waya, na gaba ya tabbatar masa hanya a buɗe take. Sannan ya rubuta takardar hanya ya miƙa wa direba hannu da hannu. Daga nan gad, wato jami'in da ke tarago na ƙarshe, ya busa usur ya ɗaga koriyar tuta, sai jirgi ya motsa. In babu wannan takarda, direba ko shi wane ne ba ya gusawa ko taku ɗaya. A ƙarshe shugaban tasha ya rubuta lokacin isowa da na tashi a littafin tasha, ya kuma sanar da tashar gaba cewa jirgi ya taso.

Akwai kuma wata doka da aka koya mana tun makon farko a makarantar horo: jirgin fasinja yana iya makara, amma ba ya barin tasha kafin lokacin da aka buga wa jama'a. Ko tasha ta zama wayam, ko kowa ya hau ya zauna, sai an jira agogo. Mun haddace ta, mun rubuta a jarrabawa, muka ajiye ta. Dariya ma take ba mu. Jirgin da bai taɓa zuwa kan lokaci ba, yaushe zai samu damar tashi da wuri?

Ni kuwa ɗan tashar mota ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kamasho ne a Gwarzo, a gabansa na taso ina jin ana kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. A tashar mota babu ruwan kowa da agogo. Mota ta cika a tashi, ba ta cika ba a zauna ko da za a kai la'asar. Wanda ya zo ya tarar an tafi ba ya fushi, domin ya san wata na lodi a baya. Na sa kaki, na yi karatun jirgi, na samu girma, amma ashe wannan ɗabi'ar tana nan kwance a jikina ban sani ba.

Iyalina a Gwarzo na bar su, nakan je ƙarshen mako. Maƙwabcinmu katanga ɗaya shi ne Malam Bitrus, malamin lissafi, mutumin kudancin Kaduna. Ya fi shekara ashirin a garin, 'ya'yana uku, tun daga babbarsu Hadiza, duk sun bi ta hannunsa, kuma duk sun sha bulalarsa a kan makara, don mutum ne da agogo ba ya barin hannunsa. Matarsa Rahila, wadda unguwa ke kira Maman Yakubu, tela ce, rabin kayan makarantar yaran unguwarmu ita ta ɗinka. Da ita da maiɗakina Hajara kuwa, sai dai a ce addini ne kawai ya raba su. Da Sallah tuwonmu na shiga gidansu, da Kirsimeti shinkafarsu na shigowa namu.

A shekarar ne ciwon daji ya kama Maman Yakubu, ya bi ta har ƙashin baya. An yi ta kai da kawowa asibiti a Kano, daga ƙarshe likitoci suka ce wa Malam Bitrus ya mai da ita gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan magana, ita ma ta sani. Ba ta roƙi komai ba sai abu ɗaya: a kai ta ƙauyensu can bayan Kafanchan ta ga mahaifiyarta tun tana da rai. Tsohuwar ta makance, ƙafa kuma ta ƙi, ba ta iya tahowa. Ita kuma Maman Yakubu ba ta iya zama ko na rabin sa'a, kuma ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ta ta ce wunin mota a kan ramukan hanyar nan ba zai kai ta da rai ba. Sai jirgi, mai taragon kwana, inda za ta miƙe a gado har a isa.

Ni na kawo shawarar da bakina. Wata Asabar muna zaune a ƙofar gida na ce masa, "Malam, kada ku shiga cunkoson Kano da mara lafiya. Ku biyo ta Kabo ku yanko tashata. Ni zan sa a riƙe muku gado tun daga Kano, ni zan sa ta a jirgi da hannuna."

Ya ce, "Malam Lawan, ƙarfe nawa za mu iso?"

Na ce, "Sha biyu saura ashirin yake tashi. In kun iya zuwa da wuri, to. In ba ku iya ba, kada ku wahalar da ita da gaggawa. Jirgi yana makara, amma ba ya tashi kafin lokacinsa. Ko saura minti ɗaya kuka zo za ku same shi, doka ce."

Ya maimaita lokacin sau biyu, ya rubuta a bayan wata takarda ya sa a aljihu.

Alhamis ta farko ba su zo ba, jikinta ya tashi. Ta biyu ma haka. Duk biyun sai da yamma na samu labari, domin tashar nan sabis ɗin waya ba ya kama ta sai mutum ya taka har gindin wata tsamiya a bakin hanya. Alhamis ta uku na sake sa aka riƙe gadon, amma a raina na riga na sa cewa wannan tafiya da wuya ta yiwu. Na duba hanya ƙarfe goma da rabi, na sake dubawa sha ɗaya, ban ga kowa ba. Ban taka zuwa gindin tsamiyar ba. Tafiyar minti uku ce.

Sha ɗaya da 'yan mintuna wayar ofis ta yi ƙara, aka ce mini jirgi ya taso. Na ɗauka wasa ake mini. Ashe a makon an gama gyaran wani yanki na layin da a da ake bi a hankali, aka ɗage takunkumin gudu, ga shi kuma ranar sun bar Kano a kan lokaci. Sha ɗaya da minti goma sha takwas sai ga jirgi ya shigo tashata yana huci. Masu juya hanya suka tsaya suna kallon juna suna dariya. Mutum tara ne suka yanki tikiti ranar, kuma duk sun hallara tun hantsi da buhunansu, don mutanen ƙauye ba sa wasa da tafiya. Kafin minti biyar kowa ya hau.

Na buga wa tashar gaba, suka ce hanya a buɗe take. Na rubuta takardar hanya, na bar gurbin lokaci, na fito da ita a hannu.

Direban ranar Alhaji Mamman ne, dattijo, ya girme ni a shekaru ya kuma riga ni shiga aiki da nisa. Ya leƙo daga kan jirgi muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da damina, sannan ya nuna gabas da haɓarsa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Ya ce, "Masta, ka ga abin da ke tahowa? Akwai kwarin nan na gaba, in ruwa ya riga ni can sai na bi shi da rarrafe. Kowa ya hau?"

Na ce, "Kowa ya hau, Alhaji. Amma lokaci da saura."

Ya ce, "Saura me? Wa kake jira? Shekara nawa muna shan zagi a kan makara, yau Allah ya ba mu rana ɗaya, kai kuma za ka zaunar da mu muna kallon dandamali ba kowa?"

Cikin taragu kuma zafi ya fara cin mutane, domin in jirgi ya tsaya iska ba ta shiga. Suka fara leƙowa ta tagogi. Wani ya ce, "Malam, a sallame mu mana!" Wata mata ta ce yaranta za su suma. Wani mai bakin tsiya ya ce ko sai an ba ni na goro ne. Gad ya sauko yana wasa da usur a hannu, kallon da yake mini kaɗai ya isa.

Ba zan ɗora wa Alhaji Mamman laifi ba, Allah ya jiƙansa. Aikin direba ne ya so tafiya, aikina ne in hana shi. Takardar a hannuna take. Na tuna da Malam Bitrus, ba wai na manta ba ne, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Na juya na dubi hanyar Kabo, ba mota ba ƙura. Na ce a raina yau ma sun fasa. Sai wani abu ya ce mini ai mota ta cika. Kuma in faɗi gaskiya, akwai son a yaba: ina so a ce a tashata jirgi bai ɓata ko daƙiƙa ba. Na miƙa takardar. Gad ya busa usur. Na dubi agogon bangon tasha, sha ɗaya da minti ashirin da tara.

Ina tsaye ina kallon tarago na ƙarshe yana shan kwana, har ina jin daɗi. Na koma ofis na buɗe littafi na ɗauki biro. Ban kai ga rubutawa ba na ji ƙarar mota a bayan tasha.

Tsohuwar mota ce doguwa, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa. Malam Bitrus ya fito tun ba ta gama tsayawa ba, sanye da rigar da yake zuwa coci da ita, yana murmushi, yana ɗaga mini hannu. Ya shigo dandamali ya dubi dama ya dubi hagu, ya ce, "Mun gode Allah, bai iso ba ko?"

Na ce, "Malam, ya wuce."

Ya tsaya kamar bai ji Hausa ba. Ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, ya ce, "Ya wuce kamar yaya? Sha ɗaya da talatin da huɗu nake da ita. Saura minti shida."

Direban motar da ya biyo shi ya zaro ƙaramar wayarsa, irin waɗanda mutum ke saita wa lokaci da kansa, ya ce shi tasa ta nuna sha biyu saura kwata har ta gota. Wannan ce ƙofar da na samu, na kuwa shige. Na ce, "Malam, mu da agogon tasha muke aiki."

Ban yi ƙarya da baki ba, haka na yi ta gaya wa kaina shekaru. Amma agogon tashar yana rataye a cikin ofis bayan ƙofa, na kuwa tsaya a bakin ƙofar ban gusa ba. Da ya ce in nuna masa, da asirina ya tonu nan take. Bai ce ba. Mutum ne mai girmama ofis da masu ofis, kuma maƙwabcinsa ne ke magana. Ya sake duban agogonsa, ya kai shi kunne, ya sauke hannu.

Muka taka zuwa motar tare. Maman Yakubu tana kwance ta gefe, an tokare ta da matasai, ta rame har ban so in dube ta ba. An ɗaura mata sabon ɗankwali. Kusa da kanta akwai ƙullin kaya da wani bargo sabo a leda, tsarabar da za ta kai wa tsohuwa. Ta gaishe ni da ƙyar, ta ce, "Baban Hadiza, ina kwana, ya aiki? Mun sa ka jira."

Mijinta ya durƙusa ya gaya mata. Ta ce, "Ni ce. Ni na ce a tsaya a Kabo."

A nan na ji abin da ya faru. A Kabo akwai wata tsohuwar ungozoma, Hajiya, wadda ta karɓi haihuwar Yakubu lokacin da suka fara zama a can kafin a mai da Malam Bitrus Gwarzo. Maman Yakubu ta ce ba za ta wuce ta ƙofar gidanta ba tare da sallama ba, tun da ta san ba dawowa za ta yi ba. Kun san gaisuwarmu. Hajiya ta fito, matan gida suka fito, aka tambayi jiki, aka yi kuka, aka yi addu'a, aka yafi juna, aka kawo fura aka ce sai ta kurɓa. Malam Bitrus yana duba agogo, ya lissafa tsaf ya ga suna da lokaci, ya bar su suka yi minti ashirin. Lissafinsa kuwa daidai ne.

Ta ce, "Da ban tsaya ba da yanzu muna ciki. Ka yi haƙuri, Baban Yakubu. Baban Hadiza, ka yi haƙuri, mun ɓata maka gado sau uku."

Ni take ba haƙuri. Ina tsaye da kakina da hulata. Abin da na iya cewa shi ne, "Ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Malam Bitrus ya tambayi direban ko za su iya tarar jirgin a tasha ta gaba da yake tsayawa. Direban ya dubi sama, lokacin an fara yayyafi, ya ce hanyar burji ce, in ruwan nan ya sauko ko babur ba ya bi. Ita ma ta girgiza kai, tafiyar safen ta riga ta gama da ita. Ta ce a mai da ita gida, Alhamis mai zuwa sa dawo tun da asuba. Na ce in sha Allah. Suka juya cikin ruwa.

Na koma ofis. Sai a lokacin na buga wa tashar gaba na ce jirgi ya taso, na ba su sha biyu saura ashirin. Haka na rubuta a littafi, da kyakkyawan rubutuna. Masu juya hanya sun gani, mai tikiti ya gani, ba wanda ya ce uffan, domin a aikinmu ba a tona wa na sama asiri. Da jirgi ya isa gaba da wuri, aka ce Alhaji Mamman ya iya tuƙi. Ƙarshen wata ma daga babban ofis aka yaba wa sashenmu.

Ran Asabar ban je Gwarzo ba, na aika cewa aiki ya riƙe ni. Ran Talata da hantsi na taka gindin tsamiyar, saƙon Hajara ya shigo: Maman Yakubu ta rasu. A Gwarzo aka binne ta, a maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari. Na je, na tsaya a baya tare da sauran maƙwabta. Da aka watse Malam Bitrus ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce ya gode da ɗawainiyar da na yi musu, ba zai manta ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shekara huɗu na riƙe abin nan a cikina. Ko Hajara ban gaya wa ba. Muna gaisawa da shi kullum in na zo gida, muna zama a benci ɗaya, yana ba ni labarin ɗalibansa. Na zama mai tsanani a wurin aiki, ina hana jirgi tashi ko da saura daƙiƙa talatin, direbobi suka tsane ni, amma hakan bai rage mini komai ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata sabuwar ma'aikaciya da aka turo in horar. Ina karanta mata dokar, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, to in kowa ya hau, wa aka cuta in an tashi?" Tambaya ce mai kyau, irin wadda ni ban taɓa yi ba ina makaranta. Na ce ta bari sai mako mai zuwa. Ƙarshen makon nan na shiga gidan Malam Bitrus bayan la'asar.

Na same shi a tsakar gida yana duba takardun jarrabawa. Keken ɗinkinta yana nan a rumfa an lulluɓe shi da zane. Muka gaisa, ya kawo mini ruwa, na kasa sha. Na gaya masa komai, tun daga isowar jirgi har abin da na rubuta a littafi. Na ce, "Malam, ba ku makara ba. Agogonka daidai yake. Ni na sallami jirgin saura minti goma sha ɗaya, kuma na tsaya a gabanka na bar ka ka ɗauka kai ne."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardun. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

Ya ce, "Sau biyu na kai agogon nan wurin mai gyara a Kano. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce masa bai san aikinsa ba, domin shugaban tasha ya faɗa mini da bakinsa."

Na ce, "Ka yafe mini, don Allah."

Ya ce, "Malam Lawan, jirgin da ka sallama, wannan kuskure ne, kowa na yi. Da ka faɗa a ranar, da mun yi baƙin ciki mun haƙura. Amma ka san yadda ta yi kwana biyar ɗin nan? Ran Lahadi ƙanenta ya je ƙauye ya kai wa tsohuwa waya a kunne. Na ɗauka za su yi hira irin ta uwa da 'ya. Ba abin da take faɗi sai, Mama ki yafe mini, na tsaya gaisuwa a hanya na rasa jirgi, na fifita wata a kanki. Tsohuwa na cewa ba komai, ita tana maimaitawa, har katin ya ƙare. Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Ranar da za ta cika ma abin da take gaya mini ke nan."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan rigata, ni da furfurata.

Ya ce, "Nawa na yafe maka, har ga Allah. Mun yi zaman arziki, ba zan ɓata shi ba. Amma nata ba ya hannuna, ba ni da shi balle in ba ka. Tsohuwar ma da za ka je ka gaya wa, ta bi 'yarta tun bara."

Ya mai da tabarau ya ɗauki jan biro. Na tashi na fita. Mun ci gaba da gaisawa har ya yi ritaya ya koma garinsu, amma bai ƙara zama a bencin ƙofar gidana ba, ni ma ban ƙara kiransa ba.

Washegarin komawata aiki na ba yarinyar nan amsarta, ita ce kuma zan ba ku. Duk masu yi muku ihu ta taga sun riga sun samu wuri, direba yana ciki, gad yana ciki. Mutum ɗaya ne ba shi da baki a tashar, shi ne wanda yake kan hanya yana tafe da lokacin da kuka ba shi, kuma don shi aka ajiye ku a wurin. Jirgin da ya makara yana wahalar da mutane, amma yana kwashe su. Wanda ya tashi da wuri kuwa, wanda ya yarda da maganarku yake bari a ƙasa. Ku riƙe takardar a hannu, ku bari a zage ku na minti goma, zagi ba ya kwana a jiki. In kuma kun riga kun yi kuskuren, ku faɗa nan take tun mai haƙƙin yana iya jinku.

Ranar da aka yi mini walimar ritaya an ba ni takardar yabo a cikin gilashi, an rubuta cewa na yi shekara talatin da biyar ba a taɓa tuhumata da laifi ba. Gaskiya ne, ba a taɓa ba. Wasunku suna wurin, kun yi ta tafi. Hajara ta sha tambayata me ya sa ba na rataye ta a falo, nakan ce mata bangon ne ba ya riƙe ƙusa.